Akawu Cikin Rigar Ruwan Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba, ko da ma na so in manta akwai tsofaffi biyu-uku a unguwarmu ta Gangare da ba za su bar ni ba. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina saurayi, ina aikin akawu a wani kamfanin haƙar kuza can wajen Rayfield. Aikina kiran sunayen leburori ƙarfe shida da rabi na safe. Wanda ya amsa in yi masa maki, wanda bai amsa ba ranar ta wuce shi. To ka ga mai kiran sunan mutane ai ba ya makara. Ina sallame sallar asuba zan haye kekena in kama hanya, gari bai gama wayewa ba.

Wanda bai zauna Jos a watan Agusta ba sai dai a ba shi labari. Gajimare ne ke saukowa ya kwanta a kan titi, ga yayyafin nan da za ka raina amma ya jiƙa ka sharkaf, ga sanyi mai shiga ƙashi. Mutum yana gabanka taku goma, sai dai ka ji tarinsa.

Ni kuwa a lokacin ji nake da kaina. Baƙin wando, baƙin takalmi, da wata baƙar rigar ruwa da na saya a gwanjo (mai sayarwar ya ce ta wani Baturen injiniya ce, na yarda saboda ina so in yarda). Keken ma baƙi ne wuluk. Har farin fentin nan da ake shafawa a wutsiyar marfin tayar baya na sa an rufe mini da baƙi, wai ya sa keken ya yi kama da na masu kawo itace daga ƙauye. Fitila kuwa ina da ita, irin mai dainamo, wadda in kana gudu ta haska, in ka zo hawa ka rage gudu ta koma kamar bakin sigari. Wannan shi ne shirin da nake fita da shi kullum, kuma a ganina duk hanyar babu wanda ya kai ni tsari.

A lokacin ina neman auren Hajara. Mahaifinta, Baba Sale, direban roka ne, wato motar ɗaukar kaya, yana ɗauko dankalin Turawa da kabeji daga wajen Vom ya kawo kasuwa da sassafe. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Manya sun riga sun je, an karɓe su hannu bibbiyu, sa rana kawai ya rage. Ina son Hajara ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har na fara shafa wa ɗakina farar ƙasa.

Wata Litinin na iso daidai inda ake karyawa hagu a shiga hanyar Rayfield. Wurin yana da ɗan hawa, fitilata ta riga ta suma. Na hango hasken mota yana tahowa daga wajen Bukuru, na ce a raina ai yana ganina, na karya kan keke na shiga gabansa.

Ƙarar birkin nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na dai ga kaina a cikin kwalbati, keken a kaina, buhun dankali biyu sun faɗo daga bayan mota sun fashe, dankali yana ta gangarowa yana dukan ƙafata. Direban ya sauko da tocila, ya haska fuskata.

"Malam akawu, kai ne?"

Baba Sale ne. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya shafa kafaɗuna da gwiwoyina ya tabbata babu karaya. Muka durƙusa mu biyu muna tsintar dankali a cikin yayyafi. Sai da muka ɗaure buhun na biyu ya yi magana.

"Ban gan ka ba. Wallahi ban gan ka ba sai da ka shigo ƙarƙashin fitilata."

Na ce, "Baba a yi haƙuri, tsautsayi ne."

"Tsautsayi daban, ganganci daban," in ji shi. "Maganar sa rana a dakata tukuna. Ba zan ba da 'yata ga wanda zai sa ta takaba lallenta bai goge ba. Ranar da na hango ka a hanya tun daga nesa, ka zo mu yi magana."

Ya hau motarsa ya tafi. Ranar na kira sunayen leburori da muryar da ni kaina ban gane ta ba.

Da na je zance da yamma na ɗauka Hajara za ta goyi bayana. Ina. Ta ce tun da Baba ya dawo bai sa komai a bakinsa ba, ya kai motar gareji ya shiga ɗaki ya kwanta. Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ma dai, ko da rana tsaka sai mutum ya lura yake ganinka, balle da asuba." (Ni baƙi ne sosai, kuma ba ta taɓa barin wannan maganar ta huta ba.)

Washegari na sa farin kaftanina na Juma'a. Kafin in kai rabin hanya tayar baya ta zana mini jan taɓo tun daga ƙugu har ƙeya, gefen rigar kuma ya shiga sarƙa ya fito da baƙin mai. Leburori suka yi layi suna amsa sunansu suna kallon ƙasa, kafaɗunsu na girgiza. Fari dai ba zai yi da taɓon Jos ba, sai in mutum yana da riga bakwai da mai wanki.

Sai na kai kukana wurin abokina Garba tela. Garba mutum ne mai son gwaji. Ya rufe ƙofar shago, ya toshe taga da buhu, ya rataye ƙyallaye a bango, ya koma can ƙarshen shagon ya kunna tocila. Ni da na rantse ja ne zai fi fitowa, sai ga ja ya koma kusan baƙi. Kore ya ɓace, shuɗi ko alamarsa. Fari ya fito, amma mun riga mun san halinsa. Wani ɗan guntun ruwan ɗorawa ne a gefe ya yi ta ƙyalli shi kaɗai.

"Ka ga abinka nan," in ji Garba. "Ka nemo irinsa mai haske sosai, in da hali mai ɗan walƙiya. Zan ɗinka maka gajera mai faɗi da za ka ɗora a kan rigar ruwan, ba ta kai sarƙa ba."

Na zaga kasuwa, duk ruwan ɗorawan da na gani ya yi duhu. Ina dawowa unguwa sai idona ya faɗa cikin shagon Mama Chinyere, wata Inyamura mai sayar da yadi a bakin layinmu, wadda mijinta ke sayar da kayan keke, kuma ta san ni tun ina zuwa makaranta da gajeren wando. Can saman kanta ga wani yadi, ruwan ɗorawa shar, da manyan farare-fararen furanni masu walƙiya. Ko a inuwar shago sai da na ƙifta ido.

Na ce, "Mama, wancan nake so."

Ta waiga ta kalli yadin, ta kalle ni. "Oga akawu, wannan ba na sayarwa ba ne. Na mata ne, na miting namu. Yarinya na ɗaya cikin mu zai yi aure, duka mu zai sa shi ranar..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Mama, yadi ai yadi ne. Maganar rai ce, kuma maganar aure ce." Na kwashe labarin roka da dankali na gaya mata. Ni a lissafina bikinsu ai can gida suke zuwa yi lokacin Kirsimeti, kafin nan ni na yi aurena na huta. Ban tambaya ba, ni na yanke wa kaina.

Ta yi dariya har ta dafa kanta. Sannan ta ce yadi uku ne suka yi saura, ta yanko ta naɗe mini. Ina fita ta ce, "Kar ka ce ni bai gaya maka ba."

Garba da ya warware yadin sai ya ce, "Anya?" Na ce masa ɗinki na kawo, ban zo shawara ba. Ya ɗinka. Wani dogon ƙyalle ya ragu, ni kuma da wayona na ce ai kai shi ne ya fi tsawo, shi direba zai fara hangowa, saboda haka na riƙa naɗa shi a kan hulata ina ɗaurewa ta baya. Babu wanda ya sa ni. Wannan ma ina so a rubuta a kaina.

Gaskiya rigar ta yi aiki. Tun daga nesa nake jin motoci suna rage gudu, suna kauce mini da faɗi, wasu har da ɗan hon na gaisuwa. Wata safiya wani mai tifa ya leƙo ya ce, "Haka ake so, oga." Na ji daɗi har raina. Sai dai wanda na yi domin shi bai gani ba, kwana biyar ina baza ido babu rokar Baba Sale, ashe tana gareji ana gyaran birki. Haƙurina ya ƙare. Na ce ranar Asabar, in rana ta yi sanyi gari ya fara duhu, zan bi ta layinsu a kan keke, lokacin da yake zama a ƙofar gida da abokansa suna jiran magariba. Layin miƙaƙƙe ne, zai hango ni tun daga bakin gada.

Asabar ta zo da hadari, gari ya yi lumshi tun la'asar. Na goge keke, na sa riga, na naɗa ƙyallena, na tafi ina ta shirya yadda zan sauka in durƙusa in yi gaisuwa cikin natsuwa.

Ina haye gada na fara jin kiɗa. Ƙuge ne da caki da wani tulu da suke bugawa da tafin hannu. Kafin in gane daga ina yake, sai ga mata sun ɓullo daga lungun dama, sun fi arba'in, sun cika titi, suna rako kayan amarya a kai suna waƙa da harshensu. Zanensu ruwan ɗorawa shar da fararen furanni masu walƙiya. Rigunansu haka. Ɗankwalayensu haka, kowacce ta ɗaure nata ta baya.

Mai hankali da ya juya. Ni sai na buga ƙararrawa, wai su ba ni hanya.

Suka ba ni. Layin baya ya buɗe, na shiga, ya rufe. Wata ta dube ni ta dubi zanenta, ta taɓa ta kusa da ita. Kiɗan ya ɗan yi rauni, sai na ji muryar da na sani daga gaba.

"Ku bar shi, wannan namu ne! Oga akawu, ka zo biki?"

Mama Chinyere ce. Guɗar da suka saki a wurin na tabbata an ji ta har Dilimi. Wasu biyu suka kama kan keken, wata ƙatuwa ta riƙe sirdi, na sauko ba da son raina ba. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, murna ce kawai ta same su, sun ga namiji guda ya yi musu anko har da ɗaurin kai. Na ce, "Mama don Allah, sauri nake." Ta ce, "Ba sauri. Wanda ya sa kaya na miting sai ya yi rawa na miting." Wata tsohuwa ta liƙa mini kwabo a goshi, gumi ya riƙe shi.

Tafiya dai ba ta tsaya ba, ana ta tura ni gaba a tsakiyarsu, ban ganin komai sai ɗankwalaye. Nan ne na yi lissafin da ya kashe ni. Na ce a raina bari in ɗan taka sau biyu su sake ni kafin mu kai gidan su Hajara. Na ɗaga hannu, na ɗan duƙa yadda na ga suna yi, na taka. Suka yi ihu, masu kiɗa suka ƙara wuta. (Zan faɗi gaskiya tunda na fara: kiɗan yana da daɗi, kuma ba sau biyu na taka ba.) Suka ja da baya suka yi mini fili domin kowa ya gani.

Filin da suka buɗe ya buɗe ne daidai ƙofar gidan Baba Sale.

Yana zaune a kan benci, carbi a hannu. Limamin unguwa yana damansa, wasu dattawa uku a kan tabarma, ɗaya ya tsaya da buta a hannu ruwa yana zuba bai sani ba. A bakin zaure kuma ga Hajara da ƙannenta, ta cusa gefen mayafi a baki, hawaye na zubo mata. Ni kuma ga ni a tsakiyar titi, a duƙe, hannu a sama, kwabo a goshi.

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina ya ce, "Barka da yamma, Baba." A duƙen nan. Kwabon ya faɗo ya yi ta gangarawa har gaban liman.

Matan suka wuce da kiɗansu, Mama Chinyere ta jingine mini keken a bango ta ce wa Baba Sale, "Baba, yaro naka ya iya." Aka kira salla. Na tuɓe rigar da ƙyallen na dunƙule na cusa ƙarƙashin sirdi, na yi alwala, na tsaya can sahun ƙarshe. Ban san abin da liman ya karanta ba. Abin da nake ta juyawa shi ne aure ya tashi, kuma gobe ba ni da fuskar da zan bi ta Gangare da ita. Na yi niyyar ana sallamewa in sulale.

Ina kama keken na ji ya ce, "Malam akawu."

Na dawo na durƙusa. Dattawan sun shige gidajensu, duhu ya fara rufawa, daga ni sai shi.

"Ina rigar?"

"Baba, wallahi kuskure ne. Ba zan ƙara sa ta ba. Gobe zan ƙone ta."

"Ɗauko ka sa."

Na ɗauko na sa, duk ta yamutse. Ya dube ni, na ga gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"Tun kana kan gada na hango ka," in ji shi. "Kafin matan su fito. Na ce wa liman ga akawu can ya yi hankali." Ya ja carbinsa. "Rawar ce dai ban sa ka ba."

Na sunkuyar da kai. Sai ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kafin a haifi Hajara ina jan motar katako. Wata asuba irin ta ran nan, wajen Naraguta, na buge wani mutum a kan keke. Baƙar riga ce a jikinsa. Ni na ɗauke shi, a kan cinyata ya cika kafin mu kai asibiti. Hukuma ta ce ba ni da laifi. Amma ni na bi 'yan'uwansa har gida, ina tsaye aka gaya wa matarsa, tana da goyo." Ya share fuska da tafin hannu. "Ran nan da na haska ka a kwalbati, shi na fara gani. Ko uwar Hajara ban taɓa ba ta labarin nan duka ba."

Kunyar da nake ji ta rawa ta tafi, wata ta zo wadda ta fi ta nauyi, domin na tuna yadda na ce masa tsautsayi ne, da yadda na kwana biyar ina jin haushinsa a raina wai ya cika tsanani.

"Ka gaya wa su kawunka su zo Juma'a mai zuwa a sa rana," in ji shi. "Kuma da rigar nan za ka koma gida yanzu. Gara unguwa ta taru ta yi maka dariya da ta taru ta yi maka salla."

Haka na koma, ina tafe ana nuna ni daga bakin shaguna, wani yana cewa a gaida uwar biki. Sunan ya bi ni shekaru, har wurin aiki, har cikin gidana bayan an kawo Hajara. Damina biyu na yi ina sa rigar, sai da furannin suka daina walƙiya sannan Garba ya ɗinka mini wata, wannan karon na tsaya na ji tarihin yadin tun daga farko har ƙarshe kafin a sa almakashi.

Abin da na koya bai da yawa. Kwalliyar da na yi ta tattali a cikin baƙaƙen kaya, ashe ni kaɗai nake ganinta, direba ba ya ganin gayu a cikin duhu. In za ka hau keke gari bai waye ba, sa abin da zai sa a gan ka, ko da zai sa a yi maka dariya, dariya ba ta karya ƙashi. Yadin dai zan iya cewa Garba ne ya ba ni shawara, Mama Chinyere ce ta sayar mini. Rawar ce har yau na rasa wanda zan ɗora wa, domin ƙafafun nawa ne.